Taga ce ke zaɓar labulenta

Yawancin labulen da ya ɓaci, tun kafin almakashi ya taɓa shi ya ɓaci. Mutum ya ga yadi mai kyau, zuciyarsa ta kwanta, ya saya, tela ya ɗinka, sai ranar ratayawa a tarar ganyen tagar ciki yake buɗewa, yana karo da labulen duk lokacin da aka nemi iska. Ko a tarar mariƙin tagar ya turo gaba, labulen ya yi ƙusumbi a kansa. Yadin ba shi da laifi, telan ma haka. Tagar ce ba a tambaya ba. Ra'ayina a kan wannan ba ya rawa: a fara da yadda taga ke buɗewa, da inda ta fuskanta, da abin da ake so ta tare, sannan a zo kan launi da zane.

Mu fara da tagar kanta.

Wadda ta fi yawa a sababbin gine-gine ita ce mai ja gefe, wadda masu aikin alminiyam ke kira silaidin. Ganye biyu ko uku ne ke gudu a kan ƙananan tayoyi cikin layi. Ba ta cin wuri, ciki ko waje, shi ya sa kusan kowane irin labule yana zama da ita lafiya. Amma a sani, mai ganye biyu rabin faɗinta kawai take buɗewa, domin dole ganye ɗaya ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa. Tagar da faɗinta ya kai santimita 150, iskar santimita 70 da 'yan kai za ta ba ka. Ciwonta kuma a layin ƙasa yake. Ƙura da yashi suna taruwa a ciki, tayoyin su cinye, ganyen ya fara ja da ƙyar yana ƙara. Idan ka leƙa gefen waje na layin za ka ga wasu 'yan ramuka biyu ko uku. Hanyar fitar ruwan sama ce. Mai fenti ko mai filasta ya toshe su, ruwa ya cika layin ya malalo ciki, ya jiƙa bango, ya bar wa gindin labule tabo ruwan ƙasa. Mutane da yawa suna ta canza labule alhali tsinke guda da za a zura a ramukan nan ne maganin abin.

Mai buɗewa kamar ƙofa, wato mai hinji a gefe, ta fi silaidin kama iska, don tana buɗewa gaba ɗaya, kuma idan aka rufe ta tana matse robar da ke jikin firam, ƙura da hayaniya su ragu sosai. Abin lura shi ne ina take buɗewa. Idan waje ne, ragar sauro da ƙarfen tsaro suna dawowa ciki, sai a tabbatar hannu zai iya kaiwa ga mariƙi ba tare da an yi kokawa da labule ba. Idan ciki ne, to an hana ka saka komai a cikin ramin tagar. Labulenta dole ya iya janyewa gaba ɗaya zuwa kan bango, sandarsa kuma ta yi sama yadda saman ganyen zai wuce a ƙarƙashinta. Akwai 'yar'uwarta da ta yaɗu a Jamus da maƙwabtanta: ka juya mariƙi gefe ta buɗe ciki kamar ƙofa, ka juya shi sama ta karkato daga bisa kawai, iska ta shigo ba tare da an wangale ta ba. Irin wannan, abin da ya fi dacewa da ita shi ne ƙaramin labulen da ake maƙalawa a jikin ganyen kansa, ya riƙa tafiya tare da shi.

Luba, mai jerin gilasai kwance da ake karkatawa da ɗan ƙarfe a gefe, an raina ta fiye da yadda ya kamata. A wurin zafi babu tagar da ta kai ta sakin iska, kusan dukkan fuskarta buɗewa take, kuma ana iya barin ta a ɗan karkace ana ruwa ba tare da ya shigo ba. Aibunta guda biyu ne: ba ta rufuwa ruf, don haka ƙura na shiga, sanyin na'urar sanyaya ɗaki na fita, sannan gilasanta suna zarewa da sauƙi, ba ta da tsaro sai da ƙarfe. Idan aka buɗe ta, gefen gilasan yana turowa ciki kamar santimita 5 zuwa 7, to labule mai laushi kamar leshi zai riƙa sarƙewa a kusurwoyinsu yana yagewa idan ba a nisanta sandar daga bango ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Mai hinji a sama da ake turo gindinta waje ta dace da banɗaki da kicin. Mai ɗagawa sama, irin ta tsofaffin gidajen Ingila da Amurka, kamar silaidin ce da aka tsayar, ita ma rabi take buɗewa. Kafaffiya ba ta buɗewa sam, haske kawai take bayarwa. Akwai kuma mai turowa waje da fuska uku. Wannan ba ta son miƙaƙƙiyar sanda, layin labule da ake lanƙwasawa ya bi kusurwoyinta ake yi mata.

Firam ma yana da ta cewa. Alminiyam ba ya tsatsa, amma yana ɗaukar zafi da sanyi ya wuce da su ciki. Ƙarfe yana da ƙarfi, sai dai idan fenti ya ɓare tsatsarsa na kama farin yadi ta ƙi fita. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, ga gara. Firam ɗin roba mai tauri ba ya wuce da zafi, amma kada a huda shi barkatai don ɗaura ƙafar labule, domin ciki rami ne, sukuru ba ya samun abin kamawa sai ya dace da ƙarfen da ke tsakiya. Gilashi mai ninki biyu, wanda aka bar tazarar milimita 12 zuwa 16 a tsakaninsa aka rufe, yana rage hayaniya da wucewar zafi. Idan ka ga hazo a tsakanin gilasan biyu wanda goga ba ta kai gare shi, rufin gefen ne ya mutu, sai canji.

Inda taga ta fuskanta

Wannan ne ke faɗa maka aikin da labule zai yi. Tagar gabas tana shan ranar safe, ta yamma tana shan ranar la'asar, wadda ta fi zafi domin ta tarar da bango ya riga ya ɗauka tun hantsi. A waɗannan lokuta rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta yana shigowa kai tsaye, rumfar da ke saman taga ba ta tare shi. Su ne tagogin da ke cin labule: launi ya koɗe, zare ya ruɓe, ka taɓa ya yage a daidai bayan kowane ninki.

Akwai wata gaskiya da masu sayar da yadi ba su cika faɗa ba. Da zarar hasken rana ya ratsa gilashi, zafinsa ya riga ya shiga ɗaki. Baƙin labule mai kauri zai sha wannan zafin ya yi ta fesa shi ciki, ɗaki ya yi duhu amma ya ƙi sanyi. Abin da ke taimakawa daga ciki shi ne farin shafi a bayan labule, mai mayar da wani kaso na hasken waje ta cikin gilashin. Abin da ya fi duka kuma shi ne inuwa daga waje, ko bishiya, ko murfin taga na katako. A kuma bar tazarar aƙalla santimita 5 tsakanin gilashi da duk wani labule mai duhu. Idan ya manne, tsakiyar gilashin na yin zafi gefensa da ke cikin firam yana sanyi, wannan bambancin kaɗai yana iya tsaga shi ba tare da kowa ya jefe shi ba.

Sanda kafin yadi

Ba a auna labule daga taga, daga sanda ake auna shi. Saboda haka a kafa sandar tukuna, ko aƙalla a sa alamar inda za ta zauna.

Sanda ta zarce ramin taga da santimita 15 zuwa 25 ta kowane gefe. Wurin nan shi ne inda labule zai taru idan aka buɗe shi, ya bar gilashin fili. Wanda ya yanka sanda daidai faɗin taga ya rufe wa kansa kashi ɗaya cikin huɗu ko ma cikin uku na haskenta da iskarta har abada. Yadi mai kauri kamar karammiski yana buƙatar fiye da haka, har santimita 30. A tsaye kuma, sanda ta hau saman taga da santimita 10 zuwa 15. Idan silin yana da nisa, a kai ta rabin tazarar da ke tsakanin taga da silin, ɗakin zai yi kamar ya ƙara tsawo, haske kuma ba zai tsiyayo ta sama ba.

Wajen hudawa, saman taga yawanci linta ce ta kankare, wani lokaci da rodi a ciki. Bakin huda na kankare ake sawa, milimita 6 ko 8, a cusa robar bango mai wannan girman, a ɗaura sukuru mai tsawon santimita 5. Kada a kusanci bakin ramin taga da ƙasa da santimita 5, filasta zai ɓalle. Idan bangon allo ne mai rami a ciki, robar bango ta yau da kullum ba ta riƙe komai. A nemi katakon da ke bayan allon, ko a sa irin maɗaurin da ke buɗe fukafukai a baya. Ƙusa da aka buga cikin guntun katako a bango tana riƙe labule wata biyu ko uku, sannan wata rana yaro ya ja, komai ya zubo.

Wani abu da ke rikita mutane: ma'aunin ruwa na magina ya ce sanda ta miƙe, ido kuma ya ce ta karkace. Dalili shi ne silin ko saman tagar ne ba su miƙe ba. Ido da layin da ya fi kusa yake gwadawa, don haka idan sandar na kusa da silin, a bi silin. Idan bambancin ya yi yawa, a raba shi biyu. Sandar da ta wuce mita 2 tana son ƙafa ta uku a tsakiya, in ba haka ba za ta yi ciki. Kaurin milimita 28 ya ishi yawancin labulaye. Mai milimita 19 na marasa nauyi ne. Idan za a yi ninki biyu, shara-shara a baya mai kauri a gaba, a bar santimita 6 zuwa 8 tsakanin sandunan don kada su riƙa jan juna.

Lissafin yadi

A nan ake yin asara, ko a sayo ya gaza ko a sayo ya yi saura mai yawa. Labule ba shimfiɗaɗɗen zane ba ne, kyansa a tattararsa yake. Ƙa'idar ita ce faɗin yadi ya ninka tsawon sanda sau biyu. Mai tattara uku-uku da aka ɗinke a sama yana son biyu zuwa biyu da rabi. Mai huda da zoben ƙarfe yana iya zama da ɗaya da rabi zuwa biyu. Shara-shara kuwa sai biyu da rabi ko uku, in ba haka ba ya zama kamar gidan sauro da aka baza.  Gara yadi mai sauƙi da aka wadata da mai tsada da aka yi wa ƙwauro.

Ga misali da alƙaluma. Taga mai faɗin santimita 150, an ƙara 20 kowane gefe, sanda ta zama 190. Ninki biyu, 380 ke nan. Yadin labule na yau da kullum faɗinsa kusan 140 ne, to 380 a raba da 140 ya ba da biyu da ɗoriya, sai a cike ya zama falle uku, kowane ɓari na labulen ya sami falle ɗaya da rabi. Rabin fallen a ɗinka shi ta ɓangaren bango, kada haɗin ya fito a tsakiyar taga. Tsawo kuma: a ce daga ƙaramin idon da ke ƙarƙashin zoben sanda zuwa ƙasa an sami 221. A cire 1 don kada ya share ƙasa, saura 220. A ƙara 20 na kalmasar gindi, wato ninki biyu na santimita 10, da 10 na sama. Kowane falle ya zama 250. Sau uku, mita 7 da rabi. Wanda ke saye da ma'aunin yadi ya tuna yadi ɗaya santimita 91 da ɗan ɗigo ne, bai kai mita ba. Mita 7 da rabi ya haura yadi 8.

Idan ƙyallen yana da zane mai maimaituwa, lissafi ya canza, domin dole furen wannan falle ya haɗu da na wancan. A auna daga kan fure zuwa kan irinsa na gaba. A ce 64 ne. Falle na 250 ba ya rabuwa daidai da 64, to a haura zuwa maimaici huɗu cif, 256. Uku sun zama 768, a ƙara maimaici ɗaya don a sami damar zaɓar inda zanen zai fara, jimla 832. Akwai kuma yadi mai faɗin 280 zuwa 300 wanda ake juyawa, faɗinsa ya zama tsawon labule. Da shi babu haɗi ko ɗaya, kuma a misalinmu mita 4 sun isa. Sai dai a duba zanen, kada a juya shi bishiyoyi su kwanta.

Tsawon a auna shi a wuri uku, hagu, tsakiya da dama, a ɗauki mafi gajarta, don daɓe ba ya taɓa zama daidai. Tef na ƙarfe ake amfani da shi. Na tela yana miƙewa. Tsawo uku ne ke da kyau: santimita 1 sama da leɓen taga, ko 10 zuwa 15 ƙasa da leɓen, ko har ƙasa. Wanda ya tsaya a tsakiyar bango kamar wandon da ya yi wa mai shi kaɗan, babu yadda za a yi ya yi kyau. Masu son labule ya kwanta a ƙasa suna ƙara santimita 5 zuwa 15. A hoto abin sha'awa ne, a gidan da ake shara da goge-goge kullum kuwa matattarar ƙura ce.

Kan labule shi ke nuna yadda zai zuba. Mai zoben ƙarfe yana gudu sumul, amma a kiyaye abu uku: yawan hudar ya zama mai rabuwa biyu, 8 ko 10 ko 12, don gefuna biyu su juya su fuskanci bango, tazararsu ta zama kusan santimita 15, sannan zoben ba ya tsallake ƙafar sanda, don haka ƙafar tsakiya ta faɗo daidai inda ɓari biyu ke haɗuwa. Shi kuma daga saman sanda ake auna shi, a ƙara santimita 3 ko 4 da ke leƙowa bisa. Mai aljihu, wanda ake zura sanda a cikinsa, yana da wuyar ja, ya fi dacewa da tagar da ba a buɗe labulenta kullum. Mai ƙugiya a kan zobba yana son zobe ɗaya a kowane santimita 10, kuma zobe na ƙarshe a bar shi a bayan ƙafar sanda, ya riƙe gefen labulen kada ya biyo hannu idan an ja.

Yadi da shafinsa

Auduga da lilin suna da kyan zubi kuma suna numfashi, amma suna tsukewa a wankin farko, sau da yawa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A labule mai tsawon 220 wannan ya kai santimita 7 zuwa 11, wato daga mai taɓa ƙasa ya koma ɗangalalle. Maganinsa a jiƙa yadin a shanya kafin a yanka, ko a bar kalmasa mai zurfi da za a iya saki. Lilin yana da wata ɗabi'a kuma, yakan saki idan iska ta yi laima ya ɗage idan ta bushe. Polista ba ta tsukewa, tana jure rana da wanki, ita ce ta aiki. Siliki kuwa rana ce ajalinsa. Kada a rataya shi a tagar yamma ko da shafi, sai an rasa yadda za a yi.

Shafi ba ƙawa ba ne. Shi ke shan rana a madadin yadin gaba, shi ke ba labule nauyin da zai zuba a miƙe, kuma canza shi ya fi canza labule sauƙi. A yanka shi ya gaza yadin gaba da santimita 2 ko 3 a gindi, kuma a kalmasa kowanne daban. Idan aka ɗinke gindinsu tare, ɗaya ya tsuke ɗaya bai tsuke ba, labulen ya yi jaka. Ƙananan dalma da ake sawa a kusurwoyin kalmasa suna hana gefe tashi.

Mai hana haske gaba ɗaya iri biyu ne. Akwai wanda aka shafa wa wani abu kamar roba a baya. Wannan yana tare haske tsaf, amma ruwan zafi, injin wanki da dutsen guga suna ɓare shafin, ka ɗaga shi ga rana ka ga ɗigo-ɗigon haske kamar taurari. Akwai kuma wanda aka saƙa da baƙin zare a tsakiya. Ya fi laushi, yana wankuwa, sai dai mai launi mai haske yana barin ɗan haske ya ratso. Ko wanne aka ɗauka, yawancin hasken da ke tada mai barci ta gefe da ta sama yake shigowa. A lanƙwasa ƙarshen labulen ya koma ya taɓa bango, ɓari biyu su hau juna da santimita 8 zuwa 10 a tsakiya, a rufe sama da akwatin katako ko a kafa layin a jikin silin.

Shara-shara yana da yaudara da ya kamata kowa ya sani. Da rana yana suturta ɗaki domin waje ya fi ciki haske. Da dare, aka kunna fitila, abin ya juye: na waje yana ganin komai, na ciki ba ya ganin kowa. Ɗakin kwana ba ya zama da shi shi kaɗai.

Waɗanda ba a ja gefe

Akwai dangin da masu sana'ar ke kira bilayin, yawancinsu masu naɗewa ko tattaruwa sama. Mai naɗi shi ne mafi sauƙi, ƙyalle ɗaya a kan bututu. Mai ganyayyaki kwance, na alminiyam mai faɗin milimita 25 ko na katako mai 50, yana ba ka ikon karkata haske zuwa silin ba tare da ka rufe shi ba, amma kowane ganye shimfiɗar ƙura ne, na katako kuma yana bauɗewa a banɗaki. Mai ganyayyaki tsaye, masu faɗin milimita 89 ko 127, ya fi dacewa da faffaɗar taga da ƙofar gilashi, kuma ya fi iya tare ranar da ke shigowa daga gefe. A sa ya taru ta ɓangaren da ba a bi. Na Rumawa yadi ne da ke ninkuwa hawa-hawa, idan ya taru yana cin santimita 20 zuwa 30 na saman taga, don haka a ɗaga shi sama da ramin. Mai kama da saƙar zuma yana riƙe iska a cikin ramukansa, shi ya fi sauran rage wucewar zafi da sanyi. Dukansu ba sa son tagar da ake bari a buɗe, iska na buga su a jikin firam dare da rana.

Idan a cikin ramin taga za a sa, a auna faɗi a sama, tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta, a cire santimita 1. A faɗa wa mai yi ko an riga an cire, kada shi ma ya sake cirewa. A duba zurfin ramin ya kai santimita 6 zuwa 8 bayan an cire turowar mariƙi. Mai naɗi, ƙyallensa yana gaza ƙarfensa da santimita 3 zuwa 4, ke nan dole a sami zirin haske a gefe. Wanda ke son duhu ya sa shi a wajen ramin, ya zarce da santimita 7 zuwa 10 kowane gefe. Idan yana naɗewa yana gudu gefe ɗaya har bakinsa ya fara zarewa, bututun bai miƙe ba. A warware shi duka, a manna ɗan guntun tef a jikin bututun ta ɓangaren da yake gudu daga gare shi, a gwada, a ƙara wani idan bai isa ba.

Maganar igiyar bilayin ba ta wasa ba ce. Igiya ko sarƙar da ta yi zobe tana shaƙe ƙaramin yaro cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma shiru abin ke faruwa, ba kuka ba ihu. Saboda yaran da aka rasa ta wannan hanya ne Turai ta tsaurara ƙa'idojinta a 2014, Amurka kuma daga ƙarshen 2018 ta koma sayar da bilayin da ake saye kai tsaye a kanti marasa igiya ko masu ɓoyayyiyar igiya. A gidan da yara ke zama ko suke zuwa, a zaɓi mara igiya. Idan akwai tsoho mai igiya, ƙarshenta ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a ɗaure sarƙar a jikin bango da maƙalinta yadda za ta miƙe tsam, a kuma janye gado, kujera da duk abin hawa daga gindin tagar.

Bayan an rataya

Sabon labule yakan baje kamar buje. A buɗe shi, a jera ninkinsa da hannu daga sama har ƙasa, a ɗaure shi sako-sako da tsumma a wuri uku, a bar shi kwana biyu ko uku. Ɗan tururi yana sa ninkin ya zauna da wuri. Idan zobba suna cijewa, a goge sandar a shafa mata ɗan kakin kyandir, kada a sa mai, yana kama ƙura ya ɓata yadi. Sanda mai zurawa cikin juna tana da ɗan tudu a mahaɗa inda zobe ke tuntuɓe, shi ya sa guda ɗaya da aka yanka daidai ta fi ta.

Baƙin ɗigo-ɗigo a bayan labule fumfuna ce, kuma daga gumin gilashi take. Iska mai laima ta ɗaki ta taɓa gilashi mai sanyi ta zama ruwa, labule ya rufe wurin ya hana shi bushewa. Wanki kaɗai ba ya raba ka da ita. A buɗe labulen kowace safiya, a goge gumin, a bar iska ta ratsa. Ƙura kuma a kakkaɓe ta ko a zuƙe da inji duk mako biyu, tun ba ta shige cikin zare ba. Ranar wanki a cire ƙugiyoyi da dalma, a yi da ruwan sanyi, kada a murɗe, a wanke ɓari biyun tare ko da ɗaya ne ya yi datti, don kada launinsu ya bambanta. A mayar da shi kan sanda da sauran danshinsa, nauyinsa zai miƙar da shi. A tagar da rana ke duka, duk wata shida a sauya wa ɓarin hagu da na dama wuri, domin bakin da ke tsakiya ya fi shan rana, sauyin zai raba koɗewar a tsakaninsu.